Wace Mahuta?

Edita, na daɗe ina jinkirin rubuto wannan labari, domin ban tabbata zai amfani wani ba. Lokacin da abin ya faru ban jima da gama bautar ƙasa ba, ina zaune da digiri babu aiki. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama, yana da ƙananan motocin ɗaukar kaya biyu, sai hawan jini ya kwantar da shi. Ya miƙa mini wayarsa ya ce in riƙa nemo lodi, in yi ciniki, in tura direba. Ni kuwa mace ce mai fargaba, ba na yanke magana. Idan aka tambaye ni ko mota za ta iso da rana, sai in ce wataƙila, idan babu cunkoso a gada. Nan da nan direbobi suka raɗa mini Madam Wataƙila.

Sunan ya dame ni, har na ƙudura cewa ciniki na gaba zan yanke shi kamar Kawu, babu kame-kame. Ana haka wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Unguwar Mu'azu ya kira, ya ce yana da kwanon rufi da siminti da za a kai Mahuta. Na ji tambayoyi sun taso mini, na haɗiye su. Na faɗa masa kuɗin da muke karɓa zuwa Mahutar nan tamu ta wajen matatar mai. Bai nemi ragi ba, ya ce ya amince. Ya kamata wannan ya tsorata ni, amma daɗi na ji.

Sai da aka gama lodi direbanmu, wani dattijo ɗan Binuwai, ya kira ni. Ya tambaya ko na san Mahutar da Alhaji ke nufi ita ce ta jihar Kebbi, can wajen Zuru. Ya ce kuɗin da na yanke ko man tafiya ba zai saya ba, kuma shi ba zai bi hanyar Birnin Gwari ba, sai dai ya zagaya ta Minna, domin yana da 'ya'ya. A wannan sana'a kuwa, idan kaya suka hau mota magana ta ƙare. Wanda ya sauke kaya bayan ciniki, kafin yamma labarinsa ya zagaye kasuwa. Idan na sauke, na zubar da sunan da Kawu ya yi shekaru yana ginawa. Idan na tura mota haka, kuɗin maganinsa ne zai tafi a mai.

Na hau keke na tafi shagon Alhaji. A hanya na tuna da wata Mama 'yar Filato mai sayar da hatsi a Sabon Tasha, wadda ta taɓa yi mini ƙorafin cewa ta sayi dawa da wake a ƙasar Zuru ta rasa motar da za ta ɗauko. Na kira ta. Wannan karon na tambayi komai: wane gari, wace kasuwa, wa zai biya 'yan dako, hanyar tana shiguwa ko sai an yi jigila. Ta ce 'yata, kin cika tambaya kamar likita, amma ta amsa, muka daidaita cewa motarmu za ta ɗauko mata kayan a dawowa.

Da na isa, Alhaji ya tarbe ni da dariya, ya ce ashe Madam ce da kanta, yana fatan 'yan boko ba sa saɓa magana. Na gaishe shi, na ce kayansa ba za su sauka ba, kuskuren nawa ne. Sannan na tambaye shi a gaban 'yan dako da maƙwabtansa, tsakaninsa da Allah, da ya ji kuɗin da na faɗa, wace Mahuta ya ɗauka nake nufi? Wani maƙwabcinsa ya ce Alhaji a amsa wa yarinya mana, ko kaza ba a kai Kebbi a wannan farashi. Alhaji ya sosa ƙeya, ya ce shi ma ya yi mamaki, ya zaci sabon kamfani ne ke neman suna. A ƙarshe ya ɗauki nauyin man tafiya ta doguwar hanya.

Mota ta je lafiya, ta dawo cike da buhunan Mama. Kawu ya sha maganinsa, bai san abin da ya faru ba sai da direba ya ba shi labari, ya yi dariya har ya yi tari. Yanzu Alhajin ba ya kiran kowa sai ni, Mama kuma ta haɗa ni da ƙawayenta.

Ba zan ce na ƙware ba, wataƙila sa'a na yi. Amma ina jan kunnen masu shiga wannan aiki: idan ɗan kasuwa ya amince da farashinka na farko bai ce uffan ba, ka tsaya ka sake tambaya. Kada tsokana ta sa ka jefar da halin da ke tsare ka. Direbobi sun daina ce mini Madam Wataƙila. Yanzu Wace Mahuta suke kirana, kuma ina amsawa.