Ganga ta Goma Sha Biyu

Taubashina Hanci ya yi shekara ashirin da biyu a bayan masana'antar maganin ƙwari da sabulu yana shinshinar ganguna. Aikinsa ke nan. A mirgino masa shuɗiyar gangar roba da ba komai ciki, ya buɗe murfi, ya ja numfashi sau ɗaya, ya yanke hukunci: wannan ta sabulu ce, a wanke a ba dillali ya sayar wa masu ajiye ruwa, wannan kuwa guba ce, a kai ta rumfar da ake kullewa. Nakan ce masa kowa hancinsa na ado ne, shi nasa ma'aikaci ne, saura a yi masa katin shaida.

Bara sabon manaja ya manna tsarin kwashe shara a allo. Na ɗaya kwali, domin shi baƙi ke fara gani daga bakin ƙofa. Na biyu leda. Ganguna suna can na bakwai, wai in an zo kansu za a sayo na'urar gwaji.

"Ranka ya daɗe, kwali bai taɓa kashe kowa ba," in ji Hanci.

"Ai muna da kai," in ji manaja.

Wata Talata mura ta toshe shi. Bai faɗa ba, don kada a ce hancin ya tsufa. Ya shinshina ganguna goma sha biyu, bai ji komai ba, ya ce a fitar. Ranar Alhamis hancin ya buɗe. Ya tsinci murfin ɗayansu a ƙasa, warin maganin ƙwari ya doke shi har cikin ido.

Ya faɗo shagona da takalmi ƙafa ɗaya.

"Taubashi, ta da babur!"

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa tukuna. Tashi mana!"

Muka nufi wurin dillali. Dillalin ya tuno mana masu saye, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Uku a wurin mai wanki, biyu a wurin mai shayi, biyar a wata makaranta, Allah ya taimaka ba a cika su ba. Ta goma sha ɗaya wata mai jego ce ta cika ta fal. Hanci bai ko yi sallama ba ya tunkuɗe ta a tsakar gida. Matar ta zage shi tas, shi kuwa sai godiya yake mata.

Muka koma wa dillali.

"Saura ɗaya fa."

"Wani mutum ne ya ɗauka. Mai hula."

"Mai hula? Bawan Allah, rabin gari ke nan!"

Hanci ya je ya faɗa wa manaja gaskiya. Aka goge allo, ganguna suka koma na ɗaya. Yanzu kowace sai an sare ta da gatari kafin ta fita, don haka ba mai bukatar hancinsa. An ba shi tsintsiya.

Wata bakwai ke nan. In ya tashi aiki yakan bi gida gida yana roƙon a bar shi ya shinshina ruwansu. Wasu su bar shi, wasu su rufe ƙofa. Jiya na ce ya zauna ya ci abinci, ya rame kamar sandar tsintsiyar tasa.

"Taubashi, yanzu haka wani yana sha," ya ce.

Na ture kwanon, na ɗauko makullin babur. Saura layin bayan tashar mota.