Malam Ila da Robar da Sai Ta Kwana

Kafin motocin tashar Kawo su fara kwasar ma'aikata zuwa ofis, Malam Ila ya riga ya jingine kekensa a bakin shagonsa na Unguwar Kanawa. Ba ya kunna inji da zuwansa. Sai ya share ƙasa, ya ɗiga wa injin sassaƙa mai, sannan ya zauna da dutsen washi yana wasa wuƙaƙen aikinsa ɗaya bayan ɗaya, yana gwada kaifinsu a gashin hannunsa. Shekara tara ke nan yana haka, tun da ya bar masaƙar da ya koyi aiki a ƙetaren kogi. Yanzu ido ya fara gazawa, ya ce ƙarshen watan nan zai rufe shago ya koma garinsu a ƙasar Kano. Shi ya sa ni Kefas na ɗauki biro, don yabon gwani ya zama dole, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai.

Masu sassaƙar ƙarfe ba su da wuyar samu a Kaduna. Amma akwai wata roba da ake shigowa da ita sanda-sanda daga ƙasashen waje, ana ce mata tefulon, wadda ban ga wanda ya san halinta kamar Malam Ila ba. In ka riƙe ta sai ka ce kyandir ne don santsi. Tafasasshen ruwa ba ya narkar da ita, asid ba ya cin ta, ba abin da ke manne mata. Da ita ake yin zobba da 'yan washa masu hana yoyo na cikin famfo da bawul, wato makullin bututu, a masana'antu. Kuma ba iri ɗaya ba ce. Fara zalla ita ce ta wurin magani da abinci. Akwai mai garin gilashi, tana jure goga, amma kafin azahar ta dakushe wuƙa. Mai tagulla ta fi nauyi, ba ta shiri da asid. Ga kuma baƙa mai haɗin gawayi, wadda tururi ba ya sa ta lotsewa. Malam Ila yakan ɗora guntu a tafin hannu, ya soka farce, ya gaya maka wace ce ko da ido a rufe.

Direbobin Kawo sun san dokarsa: ba a shan taba a shagon, kuma wanda ya taɓa ɓarɓashin robar sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya fita. Wani direban tanka, Mamman, ya raina maganar, ya kunna sigari da garin a yatsunsa. Kwana biyu ya yi yana rawar ɗari kamar mai masassarar sauro. Shi da bakinsa yake ba da labarin a tasha, yana cewa tsohon nan da ƙafarsa ya je duba shi, kuma bai ko ce masa "ai na gaya maka" ba.

To ni ma na raina maganarsa, kuma tawa ta fi ta Mamman muni.

A shekarar 1975 ina aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da Kawo. Ni ke kula da tukunyar tururi da ake dafa kayan tiyata a ciki, almakashi da auduga da zannuwa, don a kashe ƙwayoyin cuta. Ran wata Litinin da safe zoben da ke cikin bawul ɗin tukunyar ya fashe, tururi yana ta tsiyaya, allurar awo ta ƙi tashi. Sabon zoben kuwa yana cikin jirgin ruwa a Legas, kuma kowa ya san yadda jirage suka yi cunkoso a wannan shekarar. Likita ya ce shi ba zai tsaga cikin kowa da kayan da bai yarda da su ba. Wadda aka sa wa tiyata ranar Talata kuwa matata ce, Magajiya. Cikin fari ne, ɗan ya kwanta a gicciye, kuma likita ya ce in naƙuda ta riga mu ana iya rasa su duka biyun. Babban asibiti sun ce ba gado.

Na kwance bawul ɗin na ruga wurin Malam Ila. Ban gaya masa matata ce ba. Kunya ta hana ni, ina namiji in tsaya gaban dattijo ina zancen cikin matata, cikin fari kuma? Cewa na yi wata mara lafiya ce ke jira. Ya juya ƙarfen a hannu, ya auna, ya rubuta awon da alli a bango, ya ce in dawo gobe tun hantsi bai ɗaga ba.

Raina ya ɓaci, don ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na ce zobe ɗaya, wanda bai kai bakin kofin shayi ba, shi ne sai gobe? Ya yi mini bayani a hankali cewa robar nan tana kumbura da zafi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba. In aka sassaƙe ta da rana aka auna da ɗuminta, da ta huce sai ta tsuke, awon ya tashi a banza. Dole a rage ta yau, a bar ta ta saki jiki, a ƙarasa da sanyin safiya.

"Malam Kefas, wannan robar sai ta kwana," in ji shi.

Na ce masa tsufa ne da son a roƙe shi. Wallahi haka na faɗa, a gaban mutane. Na fizge bawul ɗina na tafi wurin wani mai injin a bakin titi, wanda ya matse farar roba a inji kamar yana matse ƙarfe, ya fiƙe ta cikin rabin sa'a. Na dawo ina taƙama. Da la'asar na ɗaura, na kunna. Allura ta ɗan motsa, sai tururi ya fara fito ta gefe, ta koma ta kwanta. Sauri ya haifi nawa. Na leƙa ɗakin mata, na tarar da Magajiya tana dafe da ƙugu tana cewa bayanta ya fara ciwo. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da gari ya waye na koma Unguwar Kanawa, ina shirya kalmomin ban haƙuri. Ban samu na faɗe su ba. Ina yin sallama ya amsa, ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani abu a naɗe cikin tsumma. Zobe ne na baƙar roba, wanda ya rage wa kauri tun jiya bayan na fita ina zage-zage. Ashe da awon nan na bango ya yi aiki, ya ajiye shi ya kwana. Ya ɗaura shi a inji sako-sako, ya kawo wuƙar da ya gama wasawa, ya riƙa ɗebe siririn zare, ya tsaya, ya auna, ya sake ɗeba. Ni ina tsaye kamar a kan garwashi, shi ko gezau. Da ya danna zoben cikin bawul, sai ya zauna daram.

Ina naɗe kayana ya ce, "Allah ya ba mai jiran nan lafiya. 'Yar wace unguwa ce?"

Na ce wata ce daga Rigasa.

Ƙarfe takwas da rabi allura ta tashi ta tsaya inda ake so, ba ko ɗigon tururi. Kafin azahar an fito da Magajiya daga ɗakin tiyata. Zoben nan har yau shi ne a tukunyar, sabon da ya iso daga Legas bayan wata bakwai yana cikin durowa.

Malam Ila, kai ne gwanin da bai san shi gwani ne ba. Kai ne wanda aka zaga da rana, ya tashi ya yi wa mai zagin aiki kafin yamma. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ba ka da takardar shaida a bango sai awon alli, amma famfuna nawa ne a garin nan ke juyawa da aikin hannunka? Na gode, na gode ƙwarai. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya cikin jikokinka. Ku kuma masu tasowa a sana'a, ku je ku zauna kusa da shi kafin watan nan ya ƙare. Ku koyi sanin abin da ke hannunku kafin ku sa masa wuƙa, ku koyi cewa "sai gobe" ko da mai kaya zai yi fushi.

Na san ido ba zai bar ka ka karanta wannan da kanka ba. Don haka wanda zai karanta maka, ina roƙonsa ya ɗaga murya a nan. Baba, ka yafe mini zagin da na yi maka, ka kuma yafe mini ƙarya. Shekara uku ina wucewa ta ƙofar shagonka ina gaishe ka, na kasa faɗa. Matar nan ba daga Rigasa take ba. Matata ce. Tana raye, kuma 'yar da aka ciro ranar sunanta Deborah.