Kallon da Na Raina Shi Ya Tsare Mini Ƙafata

Lokacin da abin nan ya same ni, ni dillalin albasa ne. Gidana yana Jega, kasuwata Aliero, kuma ina da 'yar gona a fadamar Gehuru inda nake kafa rudu, wato rumfar kara da ciyawa da muke jibge albasa a ciki mu jira ta yi daraja. Na haura arba'in, ina da mata da yara, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na iya zama wuri ɗaya. Ko tuwo, da za a bar ni, a tsaye zan ci. Abin da na fi tsana shi ne in shigo gida in tarar da mutum ya duƙufa a kan waya yana dariya shi kaɗai. Matata ta sha faɗa a kan wannan har ta gaji. Nakan ce mata kallo aikin raggaye ne, ita kuma takan tura wayarta ƙarƙashin matashi har in fita. Ni tawa 'yar ƙarama ce mai madannai, ta kira da amsa kira kawai, kuma ina alfahari da hakan kamar wani abin kirki na yi.

Wata ranar kasuwa ana lodin tirela da za ta yi kudu, na ga 'yan lodi suna jera buhuna yadda bai yi mini ba. Maimakon in yi magana daga ƙasa kamar kowane mai kaya, sai na tattare riga na hau. Buhu ya zame, na bi shi, wani buhun ya biyo ni. Da na farfaɗo ƙwaurina na dama ya karye. Aka ɗauke ni zuwa gidan wani tsoho mai ɗori, don a Aliero ɗori gado ne a wasu gidaje. Ya ja ƙafar, ya yi tofi, ya shafa magani, ya jera kara ya ɗaure tamau. Sannan ya kafa mini doka guda: kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa sai ranar da shi da hannunsa ya kwance ta. Na ce masa to, amma a raina ina ganin ai irin tsoratarwar tsofaffi ce.

Da farko gida ya cika da 'yan dubiya, har na ji kamar wani basarake. Da aka kwana biyu ƙafa ta ɗauke, sai abokan kasuwa jefi-jefi. Su kuwa Allah ya saka musu da alheri, amma ba su iya dubiya ba. Mutum zai zauna ya ce ya jiki, kafin ka amsa ya shiga ba ka labarin wa ya saya, wa ya sayar, wa ya ƙwace maka mai saye. Ya sha ruwa ya tashi ya bar ka da zuciya tana tafasa. Da damina ta faɗi, ɗaya daga cikinsu ya zo ya ce iska ta yaye rufin ruduna, ruwa ya shiga albasa. Ƙanena ne ke kula da komai tun da na kwanta, amma ni a lokacin ban yarda akwai wanda ya iya wani abu a duniya ba sai ni. Na jira matata ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta, na kira ɗan kabu-kabu, ya ciccibe ni ya ɗora a mashin muka nufi Gehuru. Abin takaici, da muka isa na tarar ƙanena ya riga ya gyara rufin, babu abin da ya rage in yi. Wajen saukowa na dafa ƙafar a laka, na ji wani abu ya motsa a ciki. Nan take na sha jinin jikina.

Da aka mayar da ni wurinsa, tsohon bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya taɓa ƙafar ya ce ƙashin ya goce, ya fara kamawa a karkace, dole a raba shi a sake. Ƙarti suka danne ni. Ba na jin kunyar faɗa muku, na yi ihu ina kiran mahaifiyata da ta daɗe da rasuwa. Da ya gama ɗaurewa ya wanke hannu, ya dube ni ya ce shi ba ya ɗora ƙafa guda sau uku. In ta sake gocewa, in nemi sanda mai ƙwari, don da ita zan ƙare rayuwata. A hanyarmu ta komawa Jega matata hawaye kawai take sharewa da bakin hijabi.

Kwanciya ta biyu ita ce azabar gaske. Ciwon ƙafa da sauƙi a kan zaman. Na haddace duk wata tsaga da ke bangon ɗakin. Na zama masifaffe, yaro ya wuce da gudu in daka masa tsawa don haushin shi yana da ƙafar gudu. Abinci ya fita raina. Tsoro kuma ya kama ni, don na san halina, na san wata rana wani zai zo da wani labari in sake tashi. Matata ta miƙo mini wayarta ta ce ko zan ɗan kalli wani abu in rage zafi, na harare ta na juya fuska bango. Ba ta sake tayi ba. Sai dai ta dawo da aikinta ɗakin da nake, tana tsintar shinkafa wayar tana gefenta tana magana.

Ashe danginta suna da zaure a waya, wato rukunin hira, kuma ƙanenta, wani malamin firamare a Maiyama, shi ne sarkin surutu a ciki. Kullum bayan la'asar yakan saka kacici-kacici na fina-finai. Ya yanko hoton ido ko gashin bakin wani bos, wato mugun cikin fim, ya ce a faɗi fim ɗin, ko ya saka ɗan guntun kiɗa ya ce a canka. Wata rana ya saka kiɗan wani tsohon fim na Indiya, matata ta yi ta maimaita shi tana tsaki ta kasa tunawa. Ina kwance fuskata a bango, ban san lokacin da bakina ya faɗi sunan fim ɗin ba, har da abin da ya faru da jarumin a ƙarshe. Ta tsaya da tsintar shinkafa tana kallona. Dole na faɗa mata abin da na ɓoye tun aurenmu: ina saurayi na yi shekaru ina tsaron ƙofar wani gidan kallo a Jega, lokacin kaset, kuma babu fim ɗin da aka saka ban gani ba sau da yawa. Da na kama kasuwa ne na binne wannan tarihi na koma yi wa masu kallo wa'azi. Ta yi dariya har shinkafa ta zube, ni ma na yi, karo na farko tun da na faɗo daga mota.

Ta rubuta amsar ta ce daga mai gida take. Ƙanenta, da yake abokin wasana ne, ya ce ƙarya ne, mutumin da bai san komai ba sai warin albasa ina ya san fim. Nan fa ran maza ya ɓaci. Na karɓi wayar da hannuna, ta nuna mini inda ake dannawa a yi magana, na ce masa ya kawo duk abin da yake taƙama da shi. Tun daga ranar la'asar ta zama lokacin da nake jira. Tsofaffin fina-finai nawa ne, babu mai ja da ni. Sababbi da na Hausa kuwa yana kayar da ni, don haka da safe sai in zauna in yi ta kallo kamar mai shirin jarrabawa, matata tana yi mini bita. Daga nan na faɗa sauran abubuwan: masu kamun kifi, masu gyaran inji, karatun malamai, da wasu mutane da ke gina ɗaki da laka a daji ba sa cewa komai. Dambe da kokawa ne kawai ta hana ni, don ta lura in aka kai naushi ƙafar tawa tana zabura. Na koyi wasan lido a waya, muna bugawa da ƙanen nata yana Maiyama ina Jega, in na ci shi ya ce sabis ne ya ɗauke. Da an kira salla takan karɓe wayar ba tare da shawara da ni ba, in yi sallata a zaune. Na dawo cin abinci, yara suka daina raɓewa in za su wuce ƙofata.

Ranar da nake tsoro ta zo. Wani abokin kasuwa ya shigo bayan la'asar, ya ce masu saye sun zo daga kudu, ƙanena zai sayar musu da albasata gaba ɗaya a yau, kuma a yadda ya ji an yi masa wayo, arha zai zubar da ita. Ya ce shi dai da shi ne, ko da rarrafe sai ya je. Na kira ƙanena, wayarsa ba ta shiga. Wahalar shekara guda ce a cikin rudun nan. Na jawo taɓarya da ke jingine a bakin ƙofa don in dogara, na lalubo lambar ɗan kabu-kabun nan, na ja jiki har bakin katifa. Ƙafar tana lilo, saura kaɗan ta taɓa ƙasa.

Matata ta shigo ta gan ni a haka. Na zaci za ta yi kuka ko ta kira maƙwabta, kuma da ta yi hakan da na tafi, don gardama ce abincina. Ba ta ko dubi taɓaryar ba. Ta zauna ta ce ƙanenta ya saka sanarwa a zaure, wai yau za a yi ta ta ƙare, tsofaffin fina-finai zalla, kuma ya faɗa wa dangi kaf cewa ya gano ni, ita ce take sato mini amsa, yau da za a yi da murya kai tsaye zan nemi dalilin gudu. Ta ce in na fita shi ke nan, za ta gaya musu uzuri ya taso mini. Ta ajiye wayar a kan katifa ta koma tsakar gida. Na san tarko ne, wallahi na sani. Daga baya ma ta faɗa mini tun da ta ji muryar baƙon nan a zauren gidanmu ta kira ƙanenta suka ƙulla. Amma da na tuna yaron nan zai yi shekara yana ba da labarin na gudu, sai na ce bari in amsa guda ɗaya in rufe masa baki sannan in tafi. Na amsa ta farko. Ya jefo ta biyu, wani kiɗa da na yi shekara da shekaru ban ji ba, na canke shi tun bai yi nisa ba. Dangi suka hau shewa, wata gwaggonsu tana yi mini kirari. Ya kawo mai wuya na yi gumi a kanta, na tuno. Ban san lokacin da na mayar da ƙafar kan matashi na gyara zama ba. Da na ɗaga kai ana kiran magariba, na kayar da shi warwas, kasuwa kuma ta tashi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, an yi asara. Ƙanena ya sayar ƙasa da yadda ni zan sayar, ko da yake ya ce albasar ta fara ruɓa daga ƙasa, jira ba zai yi ba. Na yi kwanaki ina jin zafin abin. Amma bayan wasu makonni aka kai ni Aliero, tsohon ya kwance karan, ya bi ƙashin da yatsa tun daga gwiwa har idon sawu, ya gyaɗa kai ya ce in taka. Na taka. Ƙafar ta rame ta yi fari kamar ba tawa ba, amma a miƙe take, kuma ta ɗauke ni. Na yi taku har bakin zaure na dawo, ina dariya hawaye na zuba. A wannan zauren na ga wani magidanci sa'ana da ya zo gaida tsohon, yana jan ƙafa da sanda. Aka ce mini shi ma sau biyu ya tashi kafin lokaci, na biyun don ya je ya ga girbin gero.

Yau ina hawa mashin, ina zuwa gona, ina tafiya masallacin Juma'a da ƙafata. Na sayi babbar waya, kuma na nemi gafarar matata a kan shekarun da na yi ina ƙuntata mata don 'yar dariyar da take samu bayan ta gama aikin gida. Ban ce kowa ya kwanta a kan waya ya bar sana'a da salla ba, ni ma yanzu sai na dawo daga kasuwa nake taɓawa. Abin da na koya shi ne zama ma aiki ne, kuma wanda bai iya shi ba yana bukatar abin da zai riƙe shi. Duk wanda ciwo ya kwantar, ko a asibiti ake duba shi ko wajen mai ɗori, ya bi dokar da aka ba shi, ya nemi abin da zai ɗebe masa kewa, kada girman kai ya hana shi. Ku kuma 'yan dubiya, don Allah in kun je gaida mai karaya ku bar labarin kasuwa a waje. Ku ce ya jiki, ku yi masa addu'a, in da hali ku saka masa data. Labarin da za ku faɗa ku tashi ku manta, shi zai kwana da shi, kuma ba ku za ku ja ƙafar ba.