Ranar da Na Riƙe Hannun Kawu

Jiya a Kalgo na ji ƙaurin fatar bandiri da ake gasawa a wuta, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Wata Juma'a a Gwandu, bayan likita ya hana shi juyi saboda hawan jini, na tsaya bayansa a da'irar zikiri. Bandiri ya ɗau zafi, Kawu ya soma juyawa, gumi na jiƙa rawaninsa. Da na ga yana tangaɗi, na cafke hannunsa.

Ya fizge. "Sake ni, ɗan nan! In faɗuwa ce, gara ta same ni da sunan Allah a baki."

Na ja baya. Bai faɗi ba.

Ranar da ya cika ba na nan. Allah Ya sa sunan nan ne ƙarshen maganarsa.