Yadda Aka Raba Injin Iklima

Ni ce Ummu, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Iklima a nan Illela, bayan tashar mota. Na ji tarinta, ta ji nawa, shekara da shekaru, don haka in na ba da labarinta ba jita-jita nake yi ba. 'Yar Kalmalo ce. Ubanta masunci ne, kuma tun tana ƙarama ita ke ɗinke masa koma in ta yage, daga nan hannunta ya koyi aikin da ke son natsuwa. Aure ya kawo ta gari, gidan Mannir, wani siririn mutum mai yawan dariya da ke da shagon buga katin biki a bakin kasuwa.

Haihuwa ta ba ta wuya. Uku ta binne tun ba su fara tafiya ba, ni na yi wa biyu daga ciki wanka. Ta huɗun ce ta tsaya, Shahida. Wallahi ban taɓa ganin uwa mai tsoro irin Iklima ba. Yarinya ta yi atishawa, ita ta fasa cin abinci. Duk abin da za ku ji ta yi, ko ta kasa yi, a kan yarinyar nan ne.

Sana'arta furen takarda ce. Walimar sauka, suna, ɗakin amarya, ita ke yanka furanni da ganyaye da ƙananan kwalayen da ake zuba dabino da alewa a raba wa baƙi. Da almakashi ta fara, har babban yatsanta ya yi kanta. Wata rana Mannir ya ga inji a waya, wai shi ke yanka takarda da kansa, ya ɗauke ta a babur suka tsallaka iyaka zuwa Konni wurin wani ɗan kasuwa mai kawo kaya daga Kwatano.

Iri biyu suka tarar. Ɗaya na lantarki, fari fes, sai an haɗa shi da waya yake aiki. Shi ya shiga ran Mannir. Iklima ta ce masa, “Baban Shahida, da wace wutar? Wadda muka gani ran nan da wadda za mu gani bayan Sallah?” Ɗayan na hannu ne, mai mariƙi a gefe. Shi ma akwai mai ƙaramin baki da mai faɗi, ta nace sai mai faɗin, wanda takarda guda ke shiga ba a ninke ta ba, saboda kwalayen dabino. Da suka dawo na leƙa na ce, “Yau ga amarya ta zama mai taliya!” Don kuwa kamarsa ɗaya da injin murza taliya, sai dai ya fi shi jiki.

Ga yadda yake. Injin kansa ba ya yanka komai, matsewa kawai ya iya. Masu yankan su ne ƙarafan zane, wasu siraran ƙarafa kowanne da siffarsa: wannan fure, wannan ganye, wannan wata da tauraro, wannan kwali sukutum da wuraren ninkewa. Za ta shimfiɗa farantin roba, ta ɗora takarda, ta kifa ƙarfen a kai, ta rufe da wani farantin, ta tura cikin bakin injin tana murza mariƙi. Sai ka ji ƙas-ƙas kamar wani abu ya karye, a ɗaya gefen kuma fure ya fito, gefensa sumul. Ranar farko na yi salati, na ɗauka ta fasa dukiyar mutane.

Ƙarafan nan a hankali ta tara su. Duk sa'ad da aiki ya yi kyau sai Mannir ya ƙaro biyu ko uku, har suka cika wani gwangwanin biskit. Amaren Konni da na Gada duk sun san ta. Har kundin hotuna take haɗa musu, kowane hoto da furanninsa a kewaye. Lokacin da aka rufe iyaka kasuwa ta mutu murus, mutanen Konni suka ɗauke ƙafa, amma ko a wannan ƙuncin tukunyarta ba ta kwana a kife ba, don suna da sauka ba sa jiran a buɗe iyaka.

Farkon daminar da ta biyo baya Mannir ya ɗauki kwalayen wani biki zai kai Konni. Mota mai jarkokin fetur ta kwashe shi da babur ɗin. Ko asibiti bai kai ba.

Danginsa suka zo daga Garu: mahaifiyarsa, da muke ce wa Inna, da yayansa Zakari, manomi. Kada in yi masa ƙarya, Zakari ba mugu ba ne. Mutum ne mai magana ɗaya, ya faɗa ya tashi. Tun ranar sadakar uku ya tsaya a ƙofar ɗakin da Iklima ke zaman takaba, ya ce, “Iklima, Inna tana son ɗiyar ga, ita kaɗai Mannir ya bari. Na ce mata a'a, ba a raba ɗiya da uwarta. In kin iya riƙonta, ki riƙe. In ba ki iya ba, jininmu ta, ba mu barin ta da yunwa.” Iklima ta ce to, kanta a ƙasa. Da ya fita ta kama hannuna ta ce, “Yaya Ummu, ai ina da inji.”

Aka sa ranar rabon gado. Maza suka zauna a zaure da wani dattijon malami, aka fito da komai aka jera a tabarma: kayan shago, tufafi, buhunan gero, ragowar babur, injin, da gwangwanin biskit, tunda da kuɗin Mannir aka saye su. Iklima tana cikin ɗaki. Mai takaba ba ta fitowa gaban maza, balle a gaban surukai ta nuna abu ta ce wannan nake so. Gobe garin nan zai ɗauka cewa ƙasar kabarin miji ba ta bushe ba ta fara ƙirga kayansa. An aiko wata tsohuwa ta tambaye ta ko tana da magana. Na zungure ta, na ce, “Ke, buɗe baki!” Ta ce wa tsohuwar, “Duk yadda sunka yi daidai na.”

Su kuwa a ganinsu adalci suka yi, har da tausayi. Malam ya duba injin ya ce wannan ba ya rabuwa, kuma da shi marainiya za ta ci abinci, a sa shi a kason yarinya ya zauna wurin uwarta. Kowa ya ce madalla. Sai aka zo daidaita kason Inna da na Zakari, ya ɗan gaza. Aka buɗe gwangwani, aka ga ƙananan ƙarafa masu yawa, masu rabuwa kamar cokula. Aka cike musu da su.

Da labari ya shigo ciki, na miƙe. Na fita har bakin zaure, abin da ban taɓa yi ba, na ce daga bayan zana, “Malam, a gafarce ni, injin ga ba ya aiki sai da ƙarafan cikin gwangwani!” Sai na ji muryar malam a sanyaye: “Wace ta?” Aka ce maƙwabciya ce. Ya ce, “Baiwar Allah, babban anka bar mata. An riga an shafa fatiha.” Maigidana ya ja ni gida yana ce mini na zubar masa da mutunci. Gwangwani ya hau babur ya tafi Garu.

Iklima ba ta yi kuka ba a ranar. Ta ce ai dangi ne, za a roƙa. Muka aika da ɗan saƙo, Zakari ya ce kaya suna nan ba inda za su, ta bari ta fita takaba ta zo da kanta ta gaida Inna, sai a yi magana. A wurinsa wannan ita ce hanya, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Ita kuma ba ta da ikon taka ƙofar gida. Damina ta sauka sosai, tana zaune a ɗaki da inji a lulluɓe da zane.

Ta koma almakashi da reza. Amma wanda ya saba da fure mai gefe sumul ba ya karɓar na almakashi, kuma abin da inji ke yi kafin la'asar sai ta kwana uku a kansa. Wata uwar amarya ta juya kwalin a hannu ta ce, “Mi ya samu hannunki, Iklima?” Ba ta sake dawowa ba. Na sa aka tambayo mutumin Konni ko yana da wasu ƙarafan, ya ce ya daina kawowa tun rufe iyaka, sai dai a yi odar su daga nesa, da kuɗin da ko a mafarki ba ta da su. Geron gadonta ya ƙare. Shahida ta koma cin rana a gidana, ni ma da bakuna bakwai a kan tukunya ɗaya. Yarinyar da ke da kumatu sai ga wuyanta ya fito. Ranar da na ga Iklima tana kankare ƙanzon tukunya tana jiƙa mata, na shiga bayan gida na yi kukana.

Da ta fita takaba, washegari muka kama hanyar Garu, ni da ita da Shahida. Gero ya yi kai, ko'ina kore. Iklima har da 'yar fara'arta, tana lissafa wa yarinya irin furen da za su fara yankawa.

Inna ta rungume jikarta tana kuka tana shinshina kanta. Aka gaisa, aka yi addu'a ga mamaci, sannan Iklima ta kawo maganar gwangwani, da ƙyar, kamar mai roƙon abin da ba nata ba. Zakari ya ce, “Af, ƙarafan nan? Ai sun yi muna rana. Ku taho ku gani.” Yana murmushi ya faɗa, wallahi da zuciya ɗaya.

Ya kai mu gonarsa a bayan gari. Tsuntsaye sun dame su a bana, sai ya ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan a saman geron. A cikin ƙarafan, wanda ba shi da huji ya huda shi da ƙusa. Ga su nan a rataye reras, furanni da ganyaye da taurari, iska na kaɗa su suna ƙara. Ƙarafan da Iklima ke goge wa da man keke ta naɗe a tsumma in hadari ya taso, sun sha ruwan sama har sun yi ja. Babban na kwalin dabino an lanƙwasa shi biyu don ya fi kaɗawa.

Na ce, “Zakari, Allah ya isa! Ka san abin da ka rataye?” Ya dube ni da mamaki, ya ce, “Mi na yi? Gadona na.” Iklima ta matsa jikin igiyar. Ta kwance fure ɗaya, ta goga bakinsa a babban yatsanta, ta sake dannawa da ƙarfi. Tsatsa ce kawai ta ɓare ta zauna mata a fata. Ta bi igiyar tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Zakari ya fara gane abin da ya faru, murmushin ya ɗauke, ya ce a kwance mata duka yanzu-yanzu. Ta ce, “Bar su, Yaya. Su kore maka tsuntsaye.”

Muka dawo gidan. Inna ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka, har da man shanu. Ta zuba wa Shahida a kwano ta zaunar da ita a gindin rumbu. Yarinyar nan ta sa hannu ba ta ko jira ya huce ba, tana ci tana hura yatsu, ba ta ɗaga kai ta dubi kowa ba. Ta suɗe kwanon. Inna ta ƙara mata, ta sake duƙufa. Iklima na tsaye a bakin ƙofa tana kallo, namu tuwon na gabanmu ba ta taɓa ba.

Ta je ta durƙusa gaban Inna, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Abin da na jiyo kawai shi ne, “Ba ta son a kashe fitila in za ta kwana. Kuma in ta yi tari, a ba ta ruwan ɗumi.” Inna ta ce, “Allah shi yi miki albarka, ɗiyata.”

Na tare ta a zaure na riƙe mata mayafi. Na ce, “Iklima, kin haukace? Mu koma da ita, abin da na ci ta ci!” Ta ce, “Yaya Ummu, kin ga yadda taka ci?” Na ce to ko sallama ta yi da ita, ta gaya mata za ta dawo. Ta girgiza kai, ta cire hannuna daga mayafinta.

Ta ce, “In ta dube ni ba ni iyawa. Mu tafi tun ba ta gama ba.”