Mota Biyu Muka Kai Tarbar Ɗan Majalisar Hungary

Jiya a filin jirgin Greensboro, sau uku ina wuce baƙon da aka aike ni ɗaukowa.

Ofis sun ce ɗan majalisa ne daga Hungary, zai yi lacca a jami'a. Ina jin "ɗan majalisa" na zura babbar riga, na roƙi maƙwabcina Alhaji Sani ya biyo ni da motarsa saboda 'yan rakiya.

Sai da ofis suka kira ni da faɗa na gane shi. Wani saurayi ne goye da jaka, yana gefenmu yana cin ayaba.

Alhaji ya ce, "Tambaye shi, ina jama'arsa?"

Saurayin ya ce shi kaɗai ne, ɗan adawa ne, shekara takwas ke nan.

"Takwas? Kuma bai sauya sheƙa ba?"

Na fassara. Saurayin ya ce, "In koma ina? Waɗanda suka zaɓe ni suna nan inda na bar su."

Alhaji ya karɓi jakar da hannu biyu. Haka ya biyo mu har masauki, ba kowa a motarsa sai jaka guda.

Jama'a, naku ɗan majalisar yana nan inda kuka bar shi?