Ɓarawon Gwaji

A shekarar da aka fara shari'a a Jigawa, satar mota ta addabi masu hali a Dutse. Maigidana, wani Alhaji mai motocin haya, an ɗauke masa guda a ƙofar masallaci ranar Juma'a, har yau babu labarinta. Shi ya sa da wani kamfani ya zo daga Legas da na'urar gano motar sata, Alhaji ya ba su aron motoci biyu da direbobi biyu don gwaji, ni da ƙanen matata.

Ni na koya wa ƙanen matar tawa tuƙi. A hannuna ya san canjin giya, a hannuna ya daina kashe mota a kan hawa. Abu ɗaya ya fi ni: ya ɗan taɓa sakandare, yana jin Turanci. Ni kuwa a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba.

Injiniyan kamfanin ba ya jin Hausa, don haka ta bakin surukin nawa muka ji bayani. Akwai ɗan akwati da bai fi sabulun wanki girma ba, za a ɓoye shi a ƙarƙashin kujerar mota ɗaya. Yana aika kira ta iska irin na rediyo. Ɗaya motar, wata fara, an kafa mata eriya a ka, a ciki kuma akwai na'ura mai kuka ƙit-ƙit, tana ƙara sauri in an kusanci motar da ake nema. Tare da su akwai wani jami'i daga Abuja, Bayarabe ne ko Ibo, ban tantance ba. Ashe iskar ma da mai ita. Gwamnati ce ke ba kowa layinsa da lasisi, don kada kiran wani ya faɗa cikin oba-obar 'yan sanda. An ara wa kamfanin layi daga hantsi zuwa azahar kawai. Da an kira salla jami'in zai sa a kashe komai.

Sai aka zo kan abin da ya hana ni sukuni. Kamfanin zai ɗauki direba ɗaya aiki na dindindin, ya riƙa jan motar mai eriya. Injiniya ya ce surukina zai fara jan ta, ni kuma in gudu da ɗayar in ɓuya. In sun same ni kafin azahar, aikin nasa ne. In ba su same ni ba, gobe mu yi musanya.

"Yaya, kai ne ɓarawo ke nan," in ji surukina, yana dariya. "Ka dai lura da hannunka, ka san zamanin da muke ciki."

"Allah ya kiyaye," na ce. "Ka fara iya ribas tukuna."

Na yi dariya don kada a gane ina son aikin. Na dube shi zaune a farar motar nan, Injiniya a gefensa kamar wani babban sakatare, surukin nawa yana gyara madubi da yatsa biyu. Shekarun da na yi a kan titi sun kusa kai shekarunsa na duniya.

Na ɗauki hanyar Kiyawa. Na san wani lungu tsakanin manyan duwatsu, bayan wani ƙauyen dangin mahaifiyata, inda ko makiyayi ba ya yawan shiga. Na ji ta bakin surukina Injiniya ya ce dutse yana tare kiran, na riƙe wannan a raina. Ba ha'inci ba ne, ɓuya aka ce in yi.

Ina shiga ƙauyen sai na ga tabarmi a ƙofar wani gida, dattawa zazzaune. Rasuwa aka yi, kuma gidan ƙanen kakata ne. Yaya zan yi in wuce da mota a gabansu kamar ban gan su ba? Gobe da wane ido zan dubi mahaifiyata? Na tsaya, na cire takalmi, na durƙusa gaban dattijon gidan.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, amin. Daga ina haka da hantsin nan?"

Ƙarya a wurin makoki ba ta yi mini ba. Na ce aiki ne zai kai ni bayan dutse. Aka yi addu'a, aka kawo fura, aka ce ba zan tashi ban sha ba. Na sha, na yi sallama, na wuce.

Na tura motar cikin lungun, na hau kan dutse na zauna a inuwa inda nake hangen ƙauyen. Rana ta yi sama. Can sai ga farar motar a kan babbar hanya. Ta wuce mararrabar, ta dawo, ta sake wucewa. Injiniya ya fito yana juya wata ƙaramar eriya gabas da yamma. Na san kiran ya ɓace musu. Na dubi inuwar dutsen tana ta tsukewa, na fara jin sitiyarin motar nan a tafin hannuna.

Sai na ga motar ta karyo cikin ƙauyen, ta tsaya daidai tabarmin. Surukina ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ai shi ma ya san gidan ta wajen yayarsa. Baƙin biyu suka tsaya daga nesa suna jiran a gama gaisuwa. Ina kallo Baba ya ɗaga sandarsa ya nuno bayan dutse.

Da suka shigo bakin lungun, na'urar ta kama kuka kamar 'yan tsaki. Injiniya ya yi tsalle. Jami'in ya duba agogo ya gyaɗa kai. Ba mu gama tsayuwa ba ladanin ƙauyen ya kira azahar, aka kashe akwatin.

Na sauko na ce wa surukina, "Gaya masa ba na'urarsa ce ta kawo ku ba. Baba ne ya nuna maka da sanda, ina gani."

"Haba Yaya, ta'aziyya na tsaya yi, kamar yadda ka yi."

"Ka dai gaya masa."

Ya juya ya yi wa Injiniya Turanci mai ɗan tsawo. Injiniya ya fashe da dariya, ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, ya ɗaga mini babban yatsa. Na tambayi surukina me ya faɗa.

"Na ce masa kaf Jigawa babu ɓarawo kamarka."

Ko haka ya faɗa, ko wani abu daban, Allah ne masani.

Aikin ya zama nasa. Da na koma gida na tarar matata ta dafa shinkafa da kaza don murnar ƙaninta, ta zuba mini cinya. Na ci, me zan ce mata?

Shekaru ya yi yana wucewa ta tasha a farar motar, eriyarta na rawa a sama. Kullum sai ya rage gudu ya danna mini oda. Direbobi su ɗauka, "Ɓarawon gwaji, ga mai kama ka nan!" In ɗaga masa hannu, in ci gaba da kiran fasinjan Kiyawa.